Tagar Gabas

Ƙarfe bakwai da kwata na safiyar Juma'a wani mai amalanken jaki ya faɗo komisariyar Dakoro, ofishin 'yan sanda, ko sallama babu. Ya ce aji ɗaya na sabuwar lakwal, wato makarantar boko, da ke bayan kasuwar dabbobi ya rufta, kuma akwai mutum a ciki.

Sufeto Harisu ya ajiye kofin shayinsa. Dogo ne, mai fama da gyambon ciki, kuma ba ya son a faɗa masa abu sau biyu. Ya hau babur.

Lakwal ɗin azuzuwa uku ce a jere, ginin tubalin ƙasa, babu azara, babu kwano. Rufin kansa na tubali ne, an lanƙwaso shi ya zama tulluwa. Wata matashiya 'yar Maradi, Madam Rahamatu, ita ta zana, tsohon magini Baba Maraya ya gina. Wata shida mutanen gari suna yi wa ginin dariya, suna kiransa rumbun boko. Yau kuwa kowa ya zama masani, kowa yana rantsuwa tun farko ya faɗa.

Ruwan jiya da la'asar ne ya zo daga gabas da iska. Bangon gabas na aji na farko ya buɗe waje, rufin ya zauna ciki.

An riga an tono gawar. Baba Maraya ne, cikin babbar rigarsa ta tafiya, da takalmi a ƙafa. Harisu ya tsaya a kansa ya daɗe. Wannan tsohon ne ya gina wa mahaifiyarsa ɗaki shekara ashirin da suka wuce, har yau ko ɗigo ɗaya bai taɓa zuba ba. Abin ya sosa masa rai matuƙa, amma ya haɗiye.

"Ina kunka same shi?"

"Nan bayan ƙyaure, ranka shi daɗe," in ji mai amalanke. "Sai da munka fasa kwaɗo kana munka kai gare shi."

"Kwaɗo? Ƙofar a kulle take?"

"A kulle, ta waje."

Harisu ya tsinci kwaɗon a cikin laka ya sa aljihu. Irin wanda ba ya kulluwa sai da makulli ne. Ya laluba aljihun mamacin, ya sami goro ɓari ɗaya, da carbi, da makulli.

Wani mutum mai farin tabarau mai kauri ya ratso taron. Mushe Sha'ibu ke nan, direktan lakwal, wanda rabin samarin garin suka bi ta hannunsa. Mushe ake ce wa malamin lakwal a nan.

"Na hwaɗa, Sufeto. Na hwaɗa musu ƙasa ba ta riƙe kanta bisa kan ɗiyan mutane. Ga shi ta ci wanda ya gina ta."

"Makullin ƙofar nan nawa ne, Mushe?"

"Ukku. Na marigayi, na Hamma mataimakinai, sai nawa. Nawa shina cikin durowa, can biro inda nike aiki, tun ran Talata, ban taɓa shi ba."

Kafin Harisu ya koma komisariya an riga an kai Madam Rahamatu. Matasa ne suka kewaye masaukinta da duwatsu, 'yan sanda suka fitar da ita ta ƙofar baya. Komiser, shugaban 'yan sandan garin, bai tsaya dogon lissafi ba. Gini ya faɗi, mutum ya mutu, ga wadda ta zana.

"Ran Litinin mota za ta kai ta Maradi gaban alƙali," in ji Komiser. "In kana da wata magana, ka kawo ta kafin nan."

Harisu ya same ta zaune a kan benci, ɗankwalinta ya zame, gefen goshinta ya kumbura inda dutse ya same ta. Ba ta kuka. Wannan ya fi damunsa.

"Madam, zanenki ne ya kashe shi?"

"Ka kawo mini pilan ɗin in nuna maka."

Aka kawo. Ta shimfiɗa takardar a kan gwiwarta ta ɗora yatsa.

"Wanga rufi ba ya zama bisa icce, turawa yake yi waje, gabas da yamma. Shi ya sa bangunan nan biyu kaurinsu ya kai kamu biyu. Yamma akwai ƙofa ɗaya. Gabas ba komai. Haske ta kudu da arewa yake shiga, ta ƙananan tagogi can sama."

"Ba taga gabas?"

"Da farko na sa guda biyu ƙanana. Baba Maraya ya duba ya yi mini dariya. Ya ce, ɗiyata, ke ba ki san inda ruwa ke fitowa ba? Ya ce tun kakansa da ke gini a Tibiri kafin zuwan Nasara, ba a taɓa ba gabas baki ba. Sai na goge su."

"Yaushe rabonki da wurin?"

"Kwana goma. Na tahi Maradi sayo fenti na allo, jiya da azahar na dawo, ruwa ya hana ni fita."

"To ni yau na ga gefen taga a abin da ya rage na bangon gabas. Babba, har bijimin sa zai wuce ta ciki."

Ta ɗago kai ta dube shi. Sai a lokacin hawaye suka zo mata.

Likita Samba ya gama dubawa kafin sallar Juma'a, don dangi na jiran a ba su gawa. Ya ja Harisu gefe yana wanke hannu.

"Ƙasa ce ta kashe shi. Maƙogwaronsa cike yake da ita, yana numfashi rufin ya sauko. Amma akwai wani rauni a gefen kai, siriri, miƙaƙƙe, faɗin yatsa biyu. Tubali ba ya yin irin wannan. Kuma jinin ya riga ya bushe kafin ƙasa ta hau kansa."

"Kamar tsawon wane lokaci?"

"Awa ɗaya, ko fiye. Ka kuma duba farcensa. Duk ya kakkarye, akwai shuɗin fentin ƙyaure a ciki."

Harisu ya haɗa lissafin. An bugi tsohon, an bar shi kwance, an kulle. Ya farfaɗo, ya ja jiki har ƙofa, ya yi ta karta. Ƙarfin hawa taga kuwa babu.

Da la'asar ya koma lakwal ya buɗe aji na biyu da makullin mamacin, wanda ke buɗe duka azuzuwan uku. Shi yana tsaye, amma da ƙyar. An huda masa manyan tagogi biyu a gabas, an gicciya katako a samansu. Daga kusurwar kowace taga tsaga ta tashi ta nufi rufi. Ƙasan bangon ya jiƙe sharkaf.

Ya matsa kusa. A gefen inda aka sare akwai ragowar layin alli, fari, miƙaƙƙe sambal. A sama kaɗan an rubuta 1,50 m da kyakkyawan hannu, an ja layi biyu a ƙarƙashi.

Ya aika aka nemo Hamma.

Hamma ƙaƙƙarfa ne mai kimanin shekara arba'in, shekara goma sha tara yana bayan Baba Maraya. Ya shigo ajin yana kallon rufi, ya ƙi wuce bakin ƙofa.

"Wa ya huda wanga bango?"

"Ni ne. Baba ya sa ni."

"Yaushe ya sa ka?"

"Ran... ran Lahadi."

"Iyalinai sun ce kwananai tara a Azagor wajen sunan jika. Jiya ya sauka, ko gida bai biya ba. Ta iska ya aiko maka?"

Harisu bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Da mi kuke sa alama in za ku fidda taga?"

"Da gawayi."

"Da mi kuke awo?"

"Da igiya, da kamu."

"Karanta mini wancan."

"Ni ban yi lakwal ba, ranka shi daɗe."

"To wanda ya yi lakwal ya ja maka layi. Wane ne?"

Hamma ya durƙushe a dokin ƙofa ya riƙe kai. Ya ce Mushe Sha'ibu ne. Baba na barin gari Mushe ya zo da alli da dogon katakon awo, ya zana, ya ce Madam ta yarda, Perefe, babban jami'in gwamnati na yankin, zai zo buɗe lakwal, ba za a nuna masa kurkuku ba.

"Kai ba ka san gabas ba ce?"

"Na sani. Amma Mushe ne hwa. Shi ya karantar da ɗiyana ukku. In ce mishi a'a da wane baki?"

"Jiya ina kake?"

"Bader Goula, wajen ta'aziyya. Da hantsi na tahi, yau da sahe na dawo. Mutum ashirin sun gan ni. Ga makullina, a wuyana yake kwana."

Harisu ya aika ɗan sanda Bader Goula. Maganar Hamma ta tabbata.

Ranar Asabar da safe ya je biron direkta, wani ɗan ɗaki na siminti a tsohon ɓangaren lakwal, kusa da rumfunan zana inda yara ke karatu kafin a yi sabon gini. Komai a shirye yake tsaf. Littattafai a jere, alli a gwangwani. A kan ƙaramin allo an rubuta ranar komawa makaranta, an ja layi biyu a ƙarƙashi.

"Hamma ya ce kai ka zana tagogin."

Mushe Sha'ibu ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Hamma jahili ne, tsoro yake ji. Shawara na bayar, wannan gaskiya ne. Madam ta ce to."

"Ta ce ba ta sani ba."

"Mi za ta ce, tana cikin wanga hali?"

"Jiya ka ce mini kai tun farko ba ka yarda da ginin ba."

"Ban yarda da duhunai ba."

"Ka ga Baba Maraya ran Alhamis?"

"Ban gan shi ba. Ina gida tun azahar."

Ya jawo durowa ya nuna makullin kwance a kan rajista. Harisu bai kalli makullin ba, bango yake kallo. Ƙusa uku ne a jere. Ɗaya na rataye da babban kampas na zana da'ira a allo, ɗaya da katako mai kusurwa uku. Ta ukun babu komai, sai dogon sawu mai haske a jikin fenti, tsawon mita ɗaya.

"Ina abin da ke nan?"

"Wani mushe ya ara tun kafin hutu."

Harisu ya yi godiya ya fita. Ya san ƙarya idan ya ji ta, amma alƙali ba ya karɓar abin da cikin Sufeto ya faɗa masa.

Ya ɗauki 'yan sanda huɗu da Hamma da shebur. Suka yini suna kwashe ƙasar aji na farko, kwando bayan kwando, rana na dukansu. Masu wucewa zuwa kasuwa suna tsayawa suna ba da shawarar da ba a tambaye su ba. Komiser ya aiko sau biyu yana tambayar ko an koma aikin gini ne.

Gab da la'asar sakaliya shebur ya daki katako, can kusurwar kudu. Rular allo ce, ta icce mai nauyi, an yi mata baki da jan ƙarfe. Ta tsage a tsakiya. A jikin ƙarfen akwai baƙin tabo da 'yan silin farin gashi. A bayanta an ƙona harufa biyu, na farkon sunan direkta, da ƙusa mai zafi, yadda tsofaffin malamai ke yi wa kayansu.

Harisu ya naɗe ta a buhu ya kai wa likita. Faɗinta yatsa biyu.

Ranar Lahadi da hantsi ya aika a kira Mushe Sha'ibu. Bai so a yi maganar a komisariya ba, inda kowane ɗan sanda tsohon ɗalibin mutumin ne. Ya ce a same shi a aji na uku.

Mushe Sha'ibu ya zo cikin farar riga, ya tsaya a waje.

"Wanga ma zai iya hwaɗuwa, Sufeto."

"Ba zai hwaɗi ba. Hamma bai huda shi ba, da ya ga tsaga a na biyu sai ya riƙa yi maka gobe gobe. Shigo."

Ya shiga, sai ya tsaya cak.

Ɗakin fari ne fat. Ranar Laraba leburori suka shafe shi da farar ƙasa, bango da rufi, kamar yadda pilan ya ce a yi a ƙarshe. Haske na shigowa ta ƙananan tagogin kudu da arewa, ya daki cikin tulluwar, ya sauko ko'ina daidai. Babu kusurwar da ke da duhu. Kuma ga sanyi, alhali waje rana ta fara cizo.

Harisu ya zaro wata 'yar takarda, rahoton likita, mai ƙananan rubutu. Ya miƙa masa.

"Je ka can baya, inda benci na ƙarshe zai zauna. Karanta mini."

Mushe Sha'ibu ya tafi a hankali. Ya ɗaga takardar. Ya karanta layi na farko ba tare da ya kai ta kusa da fuska ba. Ya karanta na biyu. A na uku ya sauke takardar ya dubi farin rufin.

"Yaushe anka yi wanga?"

"Ran Laraba. Ba ka leƙo ba, kana fushi da Hamma. Sauran biyun ma haka za su zama, da ka jira."

Harisu ya kwance buhun ya ajiye rular a ƙasa. Ya fito da fasasshen kwaɗon ya ɗora a kanta.

"Makulli ukku. Ɗaya a aljihun mamaci, ɗaya a Bader Goula. Abu guda ne ban gane ba, Mushe. Da ka bar ƙofar a buɗe, da kowa ya ce tsautsayi ne, har ni. Don mi ka kulle?"

Mushe Sha'ibu ya zauna a ƙasa, farar rigarsa a cikin ƙura.

"Ban san na kulle ba," ya ce. "Wallahi ban sani ba. Shekara ashirin da biyu ban taɓa fita aji na bar shi buɗe ba. Hannu ne ya yi. Sai da na kai gida na ji makulli a tahina."

"Hwaɗa mini daga farko."

Ya faɗa. Ranar Alhamis bayan azahar ya shiga aji na farko yana auna inda allo zai zauna. Baba Maraya ya shigo da ƙurar tafiya a jikinsa, ya ga tagogin, ya yi salati. Ya ce ba yaron da zai shiga nan yana raye. Ya ce yanzu zai wuce wurin Perefe ya faɗi wanda ya yi, a gaban kowa.

"Ya ce mini, kai ka iya karatu amma ba ka san inda ruwa ke fitowa ba. Ni, Sufeto. Ni da na ɓata idona cikin rumfar zana. Ka san yara nawa na gani suna matse ido suna kwafar abin da ba su gani? Ƙanwata haka ta bar lakwal, anka ce daƙiƙiya ce, alhali allo ne ba ta hange. Haske kawai nike so."

"Sai ka buge shi."

"Ya juya zai fita. Rular na hannuna. Sau ɗaya ne."

"Shina numfashi?"

"Shina yi."

"Ka ga hadari?"

"Na gani."

"Daga gidanka zuwa nan minti biyar ne. Awa guda ruwan bai sauko ba. Ka ji makulli a hannunka. Mi ka yi?"

Harisu ya jira. Ya iya jira, ita ce rabin aikinsa.

"Na tsaya bakin zaure ina kallon gabas," in ji Mushe Sha'ibu daga ƙarshe. "Na ce in ruwa bai zo ba in koma in buɗe. In ya zo, Allah ne ya yi."

"Kada ka sa Allah a ciki. Kuma da anka jefi yarinyar nan da dutse, kana ina?"

"Ina nan."

Harisu ya ji ƙyamar da bai taɓa ji ga wani ɓarawo ba. Ya kuma ji tausayi, wanda ya fi ƙyamar ba shi haushi.

Mushe Sha'ibu ya ɗago kai.

"Inda na bar shi kunka same shi? Can kusurwa?"

"A'a. Bayan ƙyaure. Ya kai ƙofa, Mushe. Fentinta na cikin farcenai."

Mutumin ya cire tabarau ya ajiye a ƙasa, ya rufe fuska da tafukansa. Sautin da ya fito daga bakinsa ya sa ɗan sandan da ke tsaron ƙofa ya kawar da kai. Shi ma Mushe ne ya koya masa ABC. Shi ne ya sa masa ankwa, har yana cewa, "Yi haƙuri, Mushe."

Aka fita da shi ta gaban kasuwar dabbobi. Ba wanda ya yi jifa.

Da yamma Harisu ya buɗe wa Madam Rahamatu da kansa. Ya faɗa mata komai, bai rage ba. Ta saurara tana kallon ƙasa.

"Motar gobe ba da ke za ta tahi ba," ya ce. "Kina iya komawa gida duk sadda kika so."

"Na biyun zai gyaru," ta ce a hankali. "A tokare rufin, a toshe tagogin, a sake yaɓe. Sati ukku ne ni da Hamma. Amma don wa? Gari duka ya ga an fidda gawa daga ciki. Wa zai ba da ɗansa?"

Harisu ya daɗe yana murza makullan da ke hannunsa.

"Ɗiyata Lami bana take shiga aji ɗaya. Ki toshe gabas. Ni zan kawo ta da hannuna, in zaunar da ita benci na gaba."

Ya faɗa da ƙarfi, yadda duk 'yan sandan da ke wurin za su ji su kai gari. Sannan ya hau babur. Gidansa ba nisa, amma sai da ya zagaya ta bayan tasha sau biyu, yana neman yadda zai faɗa wa uwar yarinyar.